Ba a Katse Malama

Ranar da Malama ta ce daga mako mai zuwa za a juya tsarin ajin, Gwaggo ta dubi kujerarta ta bakin taga, don a zatonta wurin zama za a sauya mata. Ashe abin ya wuce nan.

"Ga yadda za mu yi," in ji Malama, tana goge allo. "Bayanin da nake tsayawa nan ina yi muku, zan ɗauke shi a bidiyo in tura wa kowa a wayarsa. Ku kalla a gida, lokacin da kuka ga dama. In kun zo nan kuma sai aiki. Ku zauna bibbiyu, ku haɗa jimloli, ku yi hira da Turanci, ni kuma in riƙa zagayawa ina duba ku."

Direba, wani ƙato mai barkwanci da ke zama a can baya, ya ce, "Wato dai Malama kin gaji da ganin fuskokinmu." Aka kwashe da dariya. Gwaggo ma ta yi, amma tata iya leɓe ta tsaya.

Ajin na manya ne, a ɗakin sama na laburaren unguwa, inda ake koyar da Turanci ga waɗanda karatu ya suɓuce musu tun suna yara. Akwai Direba, akwai Mai Kanti, akwai wasu 'yan mata biyu masu gyaran gashi da ba sa rabuwa ko wajen shan ruwa, da wasu kaɗan. Gwaggo ce babbarsu, shi ya sa kowa ke kiranta Gwaggo, har Malama, wadda in aka bi shekaru ba za ta girmi autarta ba. Tela ce. Ta tsufa a kan keken ɗinki, kuma har yanzu ana hawo mata bene da rigunan da suka yi ɗamau ko suka yi burum.

Abu ɗaya ya kawo ta ajin nan da furfurarta. Autarta tana aure a wata ƙasa mai nisa, ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan Gwaggo, ana ce mata Takwara. Yarinyar ta buɗe baki da Turanci. Hausarta ba ta wuce "ina kwana" ba, shi ma ko rana ta kusa faɗuwa ina kwana ne. Duk ƙarshen mako Auta takan kira ta bidiyo, ta jawo yarinyar da ƙyar ta tsayar da ita gaban waya, ita kuma ta zama tafinta. Gwaggo ta faɗa, Auta ta juya. Yarinya ta faɗa, Auta ta juya, ta rage abin da ta ga dama. Kafin a je ko'ina Takwara ta zame ta gudu wajen wasanta. Ga shi har ta fara famfara, amma ita da kakarta ba su taɓa yin magana su biyu ba. Gwaggo tana tsoron ta bar duniya a haka, jikarta ba ta san ta da komai ba sai wata tsohuwar fuska mai murmushi da gyaɗa kai.

Wannan shi ne dalilin da take faɗa wa mutane. Akwai wani kuma da ba ta faɗa ko wa kanta. Tun da maigidanta ya rasu, ɗakunanta biyu na hawa na uku suka yi shirun da har ƙarar firiji take ji kamar mutum yana gyaran murya. Masu kawo ɗinki sukan tsaya a bakin ƙofa, a gwada, a ce sai yaushe, su sauka. Ajin nan kaɗai ne wurin da wani ɗan Adam ke tsayawa ya yi doguwar magana, kuma tana cikin waɗanda ake yi wa. Ko ba ta gane rabi ba, takan koma gida kunnenta a cike.

Bidiyon farko ya shigo da hantsi, tana tsakiyar kalmasa ƙafar wani wando. Ta ajiye wandon. Ta share zarurrukan da suka zuba a ƙasa, ta lulluɓe keken da ƙyallensa, ta shiga ciki ta sauya riga, ta yafa mayafi. Sannan ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai a kan teburin yanka, ta jawo kujera, ta zauna a miƙe da littafinta da fensir. Ta taɓa.

Sai ga Malama, daga kafaɗa zuwa sama, da ɗan farin allo a bayanta. "Sannunku da warhaka," in ji ta.

"Yauwa, Malama, sannu da zuwa," in ji Gwaggo. "Ya hanya?"

Malama ba ta ce komai game da hanya ba, ta shiga bayanin yadda ake faɗar abin da ya riga ya wuce da Turanci, yadda wasu aikatau ke karɓar ƙari a wutsiya, wasu kuma 'yan taurin kai su sauya kama gaba ɗaya. Ta rubuta misali. Gwaggo ta duƙa tana kwafa, harafi bayan harafi, don rubutunta ba ya gaggawa. Ko da ta ɗago, an goge wannan, an goge na bayansa, Malama tana kan na uku. A aji, a irin wannan wurin ne Malama kan hango goshin Gwaggo ya tattare, ta dakata, ta ce a sake. Ta cikin waya kuwa ko a jikinta. Haka ta yi ta zuba har ta kai ƙarshe, ta ce sai mun haɗu, ta ɓace.

"Mun gode, Malama," in ji Gwaggo ga baƙar fuskar wayar. A littafinta akwai jimla ɗaya da rabi.

Kada wani ya ce Gwaggo ba ta san bidiyo ba ne. Ta sani sarai. Ta san in ka taɓa tsakiya yana tsayawa, in ka ja ɗan ɗigon nan na ƙasa yana komawa baya, Auta ta nuna mata tun zuwanta na ƙarshe. Kanta ya sani, hannun ne ya ƙi. A gidan da ta tashi, babba yana magana ba ka ko tari, balle malami. Matar da ta koya mata ɗinki sau ɗaya take nuna abu, in ka ce a sake ta dube ka kallon da sai ka gwammace mari. To yanzu da girmanta ta kai yatsa ta rufe bakin malama ana tsakiyar bayani? Ko ta mayar da ita baya ta ce sake, sake, kamar wata 'yar aikinta? Yatsan yakan tashi, ya je dab da fuskar Malama, ya dawo cinya.

Ban da haka ma, a faɗi gaskiya, daɗin abin take ji. Muryar mutum ce a ɗakinta, tana tafiya ba tsayawa, tana cika kusurwoyin da firiji ya mallake. Wa zai yi baƙuwa irin wannan ya ce mata yi shiru?

A aji ne abin ya fara fitowa fili. Malama ta haɗa ta da Mai Kanti, wani siririn mutum da ke duba agogo ko yana atishawa. Aikin shi ne kowa ya ba ɗan'uwansa labarin abin da ya yi jiya. Mai Kanti ya zayyano nasa tsaf, ya buɗe kanti, ya sauke kaya, ya kori wata akuya. Ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi jimla ɗaya da rabinta.

"Gwaggo, ba ki kalla ba ne?"

"Na kalla, ɗan nan. Tun daga farko har ƙarshe."

"To ai shi ke nan," in ji shi, ya duba agogo.

Mako na gaba Mai Kanti ya riga ya zauna kusa da Direba tun kafin ta gama hawo matakala. Aka ba ta ɗaya daga cikin masu gyaran gashi, yarinya mai kirki, wadda ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta yi tambayar ta kuma ba da amsar, Gwaggo ta maimaita. Ba wanda ya guje ta a fili, mutane sun fi haka wayo. Kawai dai in aka ce a zauna bibbiyu, sai kujeru su yi ta ƙara, kowa ya juya ya sami wanda ya fi kusa da shi ta ɗaya ɓangaren. Ɗakin ya cika da surutu fiye da da, kowa yana magana da wani, ita tana bakin taga tana kallon masu jiran bas. Malama takan zo ta durƙusa gefenta ta ɗan taimaka, amma kafin su haɗa jimla ɗaya an ɗaga hannu a wancan lungun.

Da, ko ba ta gane ba, tana cikin jama'a, don duk shiru ake yi tare. Yanzu rashin ganewarta ya zauna shi kaɗai a kan kujera kowa yana gani. Ta ji kunya, ta ji haushi, ta rasa wa za ta ji wa. Ranar aji ta gaba ta ce wa kanta gwiwarta na ciwo. Wadda ta biyo baya ba ta ma nemi dalili ba.

Bidiyo kam bai daina zuwa ba, ita ma ba ta daina yafa mayafi tana karɓarsa ba.

Wata rana da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta buɗe da tef ɗin awo a wuya, sai ga Malama da kanta, tana haki saboda matakala, da wata riga a leda.

"Gwaggo, zif ne ya ƙi mini. Aka ce nan ne gidan."

"Maraba, maraba! Shigo, 'yar nan. Au, Malama. Shigo."

Gwaggo ta karɓi rigar, ta ja zif ɗin sama, ta ja shi ƙasa. Ɗan zare ne ya maƙale, abin da ko makaho zai cire da farce. Ta gane ba zif ne ya hawo da Malama hawa uku ba, amma ba ta nuna ba. Ta ɗora ruwan shayi, ta kawar da tarin yadi daga kujerar baƙi, kujerar da ta daɗe ba ta ɗauki komai ba sai yadi.

"Mun yi kewarki a aji," in ji Malama.

"Gwiwa ce."

"Allah ya sawwaƙe. Bidiyon fa, yana shigowa?"

"Ba wanda ya wuce ni. Na yau ma yanzu nake shirin zama."

"To mu kalla tare mana. Yi yadda kika saba, kamar ba na nan."

Gwaggo ta dubi wayar. Sannan ta tashi ta lulluɓe keken, ta gyara mayafi, ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai. Malama ta cikin waya ta ce sannunku da warhaka. Gwaggo ta saci kallon Malama ta kan kujera, ta rasa wadda za ta amsa wa, sai ta amsa ƙasa-ƙasa a tsakaninsu. Darasi ya kankama. Fensir ya fara rarrafe, allo ya fara gudu.

Ana cikin haka butar shayi ta fara kuka a kicin. Gwaggo ba ta motsa ba. Kukan ya ƙaru har murfin yana rawa, ita dai idonta na kan waya. Malama ta dube ta, ta dubi ƙofar kicin, sai ta miƙa hannu ta taɓa tsakiyar wayar. Malama ta ciki ta sandare, baki a buɗe, ido ɗaya a lumshe.

"Subhanallahi!" in ji Gwaggo. "Kin katse ta!"

"Je ki sauke ruwan, Gwaggo. Za ta jira."

Da ta dawo da kofuna, Malama ta tambaye ta a hankali, "Ba ki taɓa tsayar da shi ba? Ko sau ɗaya?"

"In katse miki magana? Haba, Malama. Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Malama ta buɗe baki za ta yi dariya, ta ga fuskar Gwaggo, ta haɗiye. "Gwaggo, ai ba ni ba ce. Ranar da na ɗauki wannan ni kaɗai ce a ɗakina, na ɗora waya a kan littattafai ina magana da bango. Sau nawa na yi tuntuɓen harshe na goge na sake. Ba kowa a cikin nan. Ba mai jin haushi, ba mai gajiya, ba mai ganin ki."

Ta faɗa ne don ta sauƙaƙa mata, kuma gaskiya ta faɗa. Amma maganar ta sami Gwaggo a inda ba a nufa ba. Ba kowa a ciki. Wato duk makonnin nan da take shara tana sauya riga tana cewa ya hanya, ita kaɗai ce a ɗakin kamar kullum. Ta sani, ai ta sani. Sanin abu daban, a faɗa maka shi a ɗakinka ido da ido daban. Ta sa ido a kofinta, ta yi ta juya cokali a shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa.

Malama ta lura ta taka wani abu, ko da ba ta san mene ne ba. Ta sassauta murya. "Abin da ya sa na mayar da bayanin gida ke nan, don kowa ya tafi da saurinsa. A aji in na tsaya miki, Mai Kanti ya ƙosa. In na bi Mai Kanti, na bar ki a baya. A nan kuwa ke ce mai linzami. In na faɗi jimla, ki tsayar da ni. Ki faɗe ta da bakinki. Ki rufe littafi ki ƙirƙiro taki. Sannan ki tambayi kanki, na gane ko dai na ji ne kawai? In ba ki gane ba ki mayar da ni baya, ko sau nawa ne. Kuma in kin haɗa jimla, ki ɗauki muryarki a waya ki saurara, ki duba da kanki ko daidai ce. Ba na nan balle in tambaye ki. Ke za ki riƙa tambayar kanki."

"To," in ji Gwaggo.

"Za ki dawo mana?"

"In gwiwa ta bari."

Ta raka ta bakin matakala, ta tsaya tana jin takunta yana sauka har ƙofar ƙasa ta rufe. Da ta koma ɗaki, Malama ta cikin waya tana nan yadda aka bar ta, baki a buɗe. Gwaggo ta kifa wayar a kan tebur, ta wanke kofuna biyu, ta mayar da yadin kan kujerarsa.

Kwana biyu ba ta taɓa darasin ba. A na ukun ta tuna fuskar Takwara tana zamewa daga hannun uwarta, ta ce wa kanta tsohuwar banza, kin zo koyon Turanci ne ko kin zo neman 'yar hira? Ta jingina wayar. Malama ta faɗi jimlar farko. Gwaggo ta ɗaga yatsa, ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan," ta runtse ido ta taɓa.

Shiru ya dawo ɗakin, firiji ya karɓi magana. Ba abin da ya faru. Ta kwafe jimlar a nutse har ƙarshe, ta karanta ta da ƙarfi, muryarta ta yi mata wani iri a kunne. Ta rufe littafi ta haɗa tata: jiya na ɗinka riga. Ta ɗauka, ta saurara, ta ji ta bar aikatau ɗin tsirara ba ƙarin wutsiyarsa, ta gyara. Darasin da Malama ta yi cikin ɗan lokaci, Gwaggo ta kai azahar a kansa. Amma da ta tashi, abin yana kanta, ba a littafi kaɗai ba.

Daga nan ta tsara wa kanta. Da safe ɗinki, don ido ya fi gani. In rana ta bar tagar gabas, karatu. Inda ya gagare ta bayan ta mayar ta sake mayarwa, ta yi masa alama da jan alli na awo don ta tambaya a aji. Sannu a hankali ta daina ba da haƙuri kafin ta taɓa. Ta daina sauya riga. Wata rana ta tsinci kanta tana tsayar da Malama da bayan almakashi, bakinta cike da fil, ko sannu da zuwa ba ta ce ba. Turanci yana shiga, wannan ba shakka. Sai dai baƙuwar da take yi wa shara ta daina zuwa, kuma ita ce ta sallame ta da yatsanta. Wani lokaci in ta tsayar da bidiyon, shirun da ke biyo baya yakan fi na da nauyi.

Ta koma aji. Direba ne ya faɗo mata a rabo, ya zauna yana cewa, "Gwaggo, a yi mini a hankali, ni maraya ne." Ta ba shi labarin jiyanta da Turanci, jimla biyar a jere, har ta gyara masa guda. Ya dafe ƙirji ya ce a kira masa motar asibiti. Malama ta yi mata murmushi daga nesa, ta wuce wajen waɗanda suka fi bukatarta. Gwaggo ta ji daɗi, daɗi na gaske, ta riƙe shi a bas har gida. Da ta buɗe ƙofa ba wanda za ta ba labari, sai ta ajiye jaka ta ɗora ruwa.

Ƙarshen makon nan ta shirya wa kiran Auta kamar mai shirin jarrabawa. Da aka jawo Takwara, Gwaggo ta gyara murya ta tambaye ta da Turanci me ta yi a makaranta. Yarinyar ta zaro ido, ta dubi uwarta, sannan ta ɓarke da zuba, kalma na hawa kan kalma, tana yi tana tsalle, rabin fuskarta a waje. Gwaggo ta cafki kalma ɗaya, kafin ta juya ta goma sun wuce.

"Inna, cewa take wai sun yi zane," in ji Auta. "Kai, Inna, Turanci ya zauna! Ke, zo ki yi wa Inna sallama. Inna, bari in je, abinci na kan wuta."

Fuskar wayar ta yi baƙi. Gwaggo ta daɗe zaune da sauran jimlolin da ta tanada, ba ta sami inda za ta sa su ba. Ta ga kamar ta yi ta ɗinka riga ne wata da watanni, mai rigar kuma ta riga ta fi ƙarfinta.

Ana tsakiyar mako, da hantsi, waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga lambar Auta, dogo, abin da Auta ba ta saba ba. Ta taɓa. Sai ta ji numfashi dab da waya, da ƙarar wani abu ya faɗi, sannan muryar Takwara, ƙasa-ƙasa, irin ta yaron da ya ɗauki abin da aka hana shi. Ba muryar uwarta a kusa. Yarinyar ta yi ta magana ita kaɗai har saƙon ya yanke.

Abu na farko da ya zo wa Gwaggo shi ne ta kira Auta ta ce me 'yar nan ke cewa. Har ta nemo lambar. Sai ta fasa. Ta ture rigar da ke kan teburin yanka, ta jingina wayar, ta ɗauko fensir.

Ta saki kaɗan, ta tsayar. Ta mayar. Yarinyar tana haɗiye ƙarshen kalmomi, ga wawulo ya ƙara ɓata lamarin. Ta sake mayarwa. Kalmar farko da ta fito ita ce haƙori. Haƙorinta ya fita, na gaba, kuma ba ta yi kuka ba, ko ta yi kaɗan. Gwaggo ta yi dariya ita kaɗai har ta share ido. Ta ci gaba. Akwai wata ƙawa da ta ɓata mata rai saboda fensir mai launi, wannan ya ci lokaci kafin ya warware, kuma wani yanki nasa bai warware ba sam, ta bar shi. Rana ta bar tagar gabas, ta haye rufin, ta fara leƙowa ta kicin. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da ɗinki, ta ce a dawo gobe.

Yankin ƙarshe gajere ne, kuma a nan yarinyar ta rage sauri da kanta, kamar ta tuna da wa take magana. Gwaggo ba ta bukaci mayarwa da yawa ba. Ta mayar ne kawai don tana fatan ba haka ta ji ba.

Mama ta ce ke kaɗai ce a gidanki. In kin tashi da safe, da wa kike magana?

Gwaggo ta ajiye fensir. Shekaru ke nan ba wanda ya yi mata wannan tambaya, har 'ya'yan da ta haifa. Suna tambayar gwiwa, suna tambayar magani, suna tambayar ko wuta ta dawo. Sai ga wadda ko sunan unguwarsu ba ta sani ba ta tambaya, kuma ba tafinta a tsakani da zai rage.

Amsa tana nan a shirye, sun yi irinta a aji har ta haddace. Ta danna ta ɗauka da murya mai fara'a: ina da ƙawaye da yawa, ina da maƙwabta, kullum muna hira. Ta saki, sannan ta saurara kafin ta tura, yadda ta saba yi wa kowace jimla yanzu. Ba kuskure ko ɗaya. Kowace kalma tana mazauninta, Malama da ta ji sai ta tafa. Gwaggo ta sake saurara, ta tambayi kanta ko daidai ce. Ta goge.

Ta biyun ta fi wuya, don ba ta cikin kowane darasi. Ta haɗa ta guntu-guntu, ta san akwai inda ta karkace, ba ta tsaya gyarawa ba. Ta ce, da Turancinta mai ɗingishi: Takwara, ni ce kakarki. Na ji maganarki duka, ni da kaina. Da safe ba na magana da kowa. Gidan shiru. Ki riƙa aiko mini, ki yi a hankali, ina ji. Wane haƙori ne, na sama ko na ƙasa?

Muryarta ta karye a tsakiya, a wajen gidan shiru. Ta saurara, ta ji karyewar, ta bar ta a ciki. Ta tura.

Alamar da ke gefen saƙon ta nuna ya isa, ba a buɗe ba. A can yanzu yarinyar tana makaranta, ko tana hanya, kuma wayar ta uwarta ce, sai an ga dama a ba ta. Gwaggo ta ɗauki wayar ta ajiye a gefen keke, inda idonta zai riƙa kaiwa. Ta jawo rigar da ta ture, ta daidaita bakinta a ƙarƙashin allura, ta ɗora ƙafa a kan mataki. Ba ta taka ba, don kada ƙarar keken ta danne ƙarar wayar.